Gawayin da Ban Saka wa Dada Ba

Zuwa ga ƙanwata Mairo,

Assalamu alaikum. Allah ya sa a ɗakin Gwaggo kike buɗe wannan takarda, kin sha ruwa, kin miƙe ƙafa, babu abin da ya tare ku tsakanin Isa da Sakkwato sai alheri. Na ce miki kada ki buɗe ta a mota. Ina fata kin ji.

Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Baba, ko ke da muke kwana tabarma ɗaya. Abin da ya sami Dada Hanne bara ba laifin Malam Sale direba ba ne. Nawa ne. Ya ba ni saƙo, na ji shi da kunnena, ban isar ba. Shekara guda ke nan mutane suna zaginsa a kan abin da ni na aikata.

Na sa wannan a farko don kada in kai ƙarshen takarda tsoro ya ci ƙarfina. Yanzu ki bari in bi miki shi daki-daki.

Da Inna tana raye, ita ce za ta zaunar da ke ta yi miki faɗan tafiya. Ba ta nan. Tun kina shekara takwas ni ke miki kitso, ni ke tashinki sallah, har kina kirana Inna Ƙarama in kina son wani abu. To ki karɓi wannan a matsayin maganar uwa, ko da uwar shekara biyar kawai ta ba ki. Ban wuce aji shida ba, kuma kin san bakina ba ya buɗuwa a gaban mutane. Ba ni da hikimar manya. Kurakuraina kawai gare ni, su za ni ba ki guzuri, tunda can ma sana'a za ki tarar. Gwaggo tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, in kin taso makaranta za ki sa mata hannu.

Kin san furarmu, amma ba ki san yadda Inna ta ɗaure ta ba, don lokacin kina ƙarama. Mutum huɗu ke riƙe da ita. Dada Hanne a rugarsu ta bayan Tozai, ita ke da nono. Malam Sale ke ɗauko shi a mota. Mu mu surfa gero mu yi fura. Hajiya Kulu mai abinci a tasha ita ke damawa tana sayar wa direbobi da matafiya. Dada ba ta shigowa gari sai jefi-jefi. Da safe take tasowa daga ruga da jakinta, tafiya mai nisa cikin daji, ta kawo nonon gindin tsamiyar da ke mararraba, Malam Sale ya ɗauka. Da la'asar in zai wuce, ya rataye bokitan da muka wanke a reshen tsamiyar, masu kiwo su tafi mata da su.

Inna ba ta yi boko ba, Dada ma haka, ruga kuma babu sabis ɗin waya. Sai suka yi dabara. Kullum Inna takan tambayi Hajiya yadda gobe za ta kasance, ko ranar kasuwa ce, ko motoci sun ragu. In bokiti ɗaya ake so, ta jefa tsakuwa ɗaya cikin bokitin da za a mayar. In biyu, biyu. In uku, uku. In kuwa aka ji hanya ba lafiya, sai ta saka gawayi. Gawayi na nufin kada ki fito. Malam Sale ba ya buɗe murfi, yakan ce bokitin mata ba na leƙen namiji ba ne.

A zamanin Inna ban taɓa ganin an zubar da nono ba, ban kuma taɓa jin direba ya zo Hajiya ta ce fura ta ƙare ba. Masu fura uku ne a tashar nan. Geronmu ɗaya da nasu, injin da ke niƙa mana shi ke niƙa musu. Amma bencinan Hajiya biyu su ke cika. A da ina tsammanin hannun Inna ne ke da daɗi. Sai bayan ta rasu na gane abin da ya raba mu da su. Duk abin da ɗaya daga cikin huɗun nan ya sani, kafin rana ta faɗi sauran ukun sun sani.

Kuskurena na farko kunya ta jawo shi. Bayan rasuwar Inna motoci suka ragu saboda halin hanya, Hajiya ta ce bokiti ɗaya ya isa. Ni kuwa na ji nauyin aika wa Dada tsakuwa ɗaya tal, kamar ina shaida mata ɗiyar Inna ta kasa. Ina kuma tsoron ta kai nononta wani gida, mu rasa. Sai na ci gaba da jefa uku. Ɗaya ya tafi tasha, biyu su zauna a ɗaki suna tsami. Na ba maƙwabta har suka gaji da karɓa, na koma zubarwa a bayan garka kafin Baba ya dawo gona. Kin tuna kina tambayata me ya sa ƙudaje suka yi yawa wajen, na ce ban sani ba.

Ran nan Dada ta shigo gari sayen kanwa, ta biyo gidanmu. Tun daga zaure hancinta ya faɗa mata. Ta zauna, ta sha ruwa, ta tambayi lafiyarki. Sannan ta ba ni labari cewa wata mata daga wajen Sabon Birni ta zo har ruga neman nono, ta hana ta, ta ce na marayun Isa ne. Ta ce makonni tana rage wa maruƙa rabonsu don bokitaina su cika, har sun fara ramewa. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Ɗiyata, kin san abin da ya sa uwarki ta zaɓi tsakuwa? Tsakuwa ba ta jin kunya. Ke ce kinka koya mata."

To Mairo, in aka tambaye ki nawa, faɗi nawa ɗin. Mai kawo muku gyaɗa ba a gabanki rayuwarsa ta fara ba. Yana da wanda ya hana don ya ba ku, yana da jakin da ya ɗora wa kaya. In buhu ɗaya Gwaggo ke so, kada ki ce biyu don gidan ya yi kwarjini a idonsa. Ƙaramar gaskiya ba ta korar mutum. Dada ba ta bar mu ba da na koma tsakuwa ɗaya. Ta ma fi sakin jiki da ni.

Kuskurena na biyu ya zo da rani. Ciyawa ta ƙare, nono ya ja baya, bokitin Dada ya koma zuwa rabi. Ita ba ta taɓa ƙara ruwa ba, rabin take aikowa yadda yake. Ni ce na je kasuwa na sayo madarar gari, na dama, na cika bokitin, na kai wa Hajiya ban ce komai ba. Na ɗauka taimako na yi. Kwana uku ana sha. A na huɗu ina tsaye gefen rumfa wani direba ya kurɓa, ya ɗaga ludayi sama yana kallo.

Ya ce, "Hajiya, wannan saniyar taku cikin gwangwani anka haife ta?"

Aka yi ta dariya. Hajiya ta rantse masa nonon ruga ne, don iyakar saninta ke nan. Da ta ɗanɗana da kanta sai fuskarta ta sauya. Bayan an watse ta kira ni. Ta ce da na faɗa mata tun farko, da ta gaya wa direbobi rani ne, nono kaɗan ne, wanda ya riga zuwa shi ke sha, kuma babu wanda zai ji haushi don kowa ya san rani. Amma na sa ta rantse a kan ƙarya, ita da fuskarta ke tasha ba tawa ba. Direbobi biyu suka koma wajen mai furar bakin ƙofa, har yau ba su dawo ba.

Kada ki sauya abin da ke cikin kwano ba tare da sanin wanda zai miƙa shi ba. In man ya ɗan ƙone, in gyaɗar ta tsufa, faɗa wa Gwaggo, ita ta faɗa wa mai shago. Wataƙila ya karɓa haka nan, wataƙila ya ce a bari. Ko wanne ya fi ya ji daga bakin mai saye.

Da a nan na tsaya, da ban rubuta miki takarda ba.

Bara bayan girbi ɗan Hajiya ya sauke Alƙur'ani. Ta ce za a yi walima, tana son fura mai yawa da nono bokiti uku cif. Tun da mako guda ta faɗa mini. Na surfa gero, na kai inji, na sayo citta da kanumfari. Tun maganar madarar gari ba ta ba ni aiki mai girma ba, sai na ga kamar ƙofa ce ta sake buɗe mini.

Ana gobe walima, da azahar na kai bokitai tasha. Na tarar direbobi sun taru gefe guda suna magana ƙasa-ƙasa, babu mai dariya. Malam Sale ya baro su ya zo har inda nake.

Ya ce, "Rabi, an ga mutanen daji sun ƙetaro wajen mararraba. Wannan sawu shi ne na ƙarshe, gobe ba motar da za ta bi nan. Ki sa ma Dada gawayi."

Na ce to. Na je murhun Hajiya na ɗauki gawayi ɗan ƙarami, na zagaya bayan rumfa na tsuguna da bokitin a gabana. Tsakuwa uku suna ciki, tun daga gida na jefa su. Abin da ya rage kawai in kwashe su in saka gawayin.

Za ni faɗa miki abin da zuciyata ta ce, don ki gane muryar in ta zo miki. Ta ce sau nawa aka ce an gan su, aka wayi gari ba abin da ya faru. Ta ce in Malam Sale bai fita ba, ai ba za a rasa mai babur da zai ɗauko ba. Ta nuna mini baƙin Hajiya zaune, fura ba nono, ana tambayar wa aka ba aikin. Ko sau ɗaya ba ta nuna mini Dada ba. Na mayar da murfi yadda yake, na ƙulle gawayin a bakin zanena. Da na miƙa bokitan Malam Sale ya tambaye ni ko na sa. Na gyaɗa kai.

Washegari ko mota ɗaya ba ta fita ba, ko babur. Aka yi walima da kunu. Babu wanda ya zarge ni, kowa ya san hanya ta rufe. Ni kaɗai na san akwai tsohuwa a gindin tsamiya tana jiran motar da ba za ta zo ba. Duk ƙarar da na ji a ranar sai in leƙa ƙofa.

Bayan kwana uku babban ɗan Dada ya zo tasha a ƙafa. Hajiya ta aika aka kira ni. Na tarar mutane sun kewaye shi yana ba da labari. Ya ce uwarsa ta ga tsakuwa uku, ta tatsi shanu tun da asuba, ta ɗora wa jaki, ta zo ta zauna har hantsi. Sai ta ji babura. Ta bar komai ta ruga, ta faɗa kwazazzabo, ƙafarta ta karye. Nan ta kwanta ta cusa zane a baki don kada kukanta ya fita, tana jin su a sama suna shan nonon suna hira. Suka tafi da jakin. Sai la'asar masu kiwo suka tsince ta. Da ya gama ya buɗe tafin hannunsa, ga tsakuwoyina uku. Ya ce yana son ya san wanda ya ɗora uwarsa kan hanya.

Malam Sale ya ce, "Na faɗa ma yarinyar. Ta ce ta sa."

Duk idanu suka dawo kaina. Mairo, na so in yi magana. Na buɗe baki, iska kawai ta fito. Sai na ja hijabi na rufe fuska, kuka ya ƙwace mini. Kukan tsoro ne, su kuwa suka ɗauka na wanda aka zalunta ne. Kamashon tasha ya ce a dubi marainiyar da ko ido ba ta iya ɗagawa, ita za ta yi wannan? Ya ce Sale ya manta ne, shekaru sun soma hawa, yanzu yana neman inda zai sauke kayansa. Wasu suka ce haka ne. Ta ƙasan hijabi na ga ƙafafun Malam Sale sun daɗe ba su motsa ba. Sannan ya ce Allah shi ne masani, ya tafi yana goge gilashin motarsa. Ɗan Dada ya watsar da tsakuwoyin ya juya. Da aka watse na tsince su.

Kafin damina rugar ta tashi, suka ƙetara wajen Nijar. An ce Dada da sanda take tafiya yanzu. Nono kuwa kin ga yadda muke. Duk wadda ta shigo gari da shi muke saye, yau ya yi yawa ya lalace, gobe a nema a rasa. Babu wanda ke sanin goben wani. Bencin Hajiya ɗaya an jingine shi a bango. Mata sun daina ba Malam Sale saƙo. Da can fasinjoji na tsokanarsa da Bari-mu-ji, don ba ya tashi sai wata mota ta iso daga inda za shi ya tambayi direbanta abin da ya gani. Yanzu Mantau suke ce masa, kuma ba da wasa ba. Har yau in na wuce yakan ce, Rabi ina kwana, ya mutan gida. Da zagina yake da ya fi mini sauƙi. In na ɗebi gawayi za ni hura wuta, sai in tsaya ina kallonsa. Kin sha tambayata abin da nake kallo.

Ga abin da na fi so ki riƙe. Saƙon gargaɗi ba naki ba ne. Amana ce ta ratsa ta hannunki, ba ki da ikon auna shi ki ce wannan karon ba komai. In ya zama ƙarya, an yi asarar ciniki na yini guda. In ya zama gaskiya kuma kin riƙe shi, babu abin da za ki yi ya mayar da ƙafar mutum. Labari mai daɗi yana iya jira, marar daɗi shi ake fara kaiwa. In Gwaggo ta aike ki ki ce wa mai shago man ba zai samu ba wannan mako, je a ranar, kada ki jira ya aiko da jarka. In mai inji ya ce gobe ba zai tayar ba, kada ki tsaya wasa a hanya da maganar a bakinki. Ki san sunayensu, ki gaishe su ko ranar da ba ki da buƙata. Sana'ar Gwaggo ba a tukunyarta kaɗai take ba, tana hannun duk waɗannan mutane, kuma wata rana ke ce igiyar da ke tsakaninsu.

Kunya ado ce, haka Inna ta koya mana, ban ce ki yar da ita ba. Ki yi ta a gaban manya, ki yi ta a idonki da tafiyarki. Amma wajen faɗin adadi da wajen faɗin haɗari, ki ajiye ta. Ni ban ajiye ba, ga inda ta kai ni.

Shekaranjiya ina tankaɗe na ji Baba yana gaya wa Hajiya cewa a farar bas za ki tafi, ta saurayin nan da ke riga kowa tashi don ya kwashe fasinja. Ya ce ba zai ba Mantau ɗiyarsa ba. Rariya ta tsaya a hannuna. Wannan saurayi ba ya tambayar kowa, ba ya jiran kowa, ni da nake tasha kullum na sani. Mutum ɗaya ne a garin nan na tabbata ba zai taka hanya ba sai ya ji labarinta, kuma ni ce na ɓata sunansa har Baba ke gudunsa. Ƙaryar da na yi wa Dada ta zagayo, yanzu ke take shirin ɗorawa kan hanya. In na rufe ido tsamiyar nake gani, amma ke ce zaune a gindinta.

A ƙaramin aljihun jakarki akwai ƙullin tsumma. Tsakuwoyin nan uku ne, da gawayin da ban saka ba. Ki ajiye su inda za ki riƙa gani. Na san halinki, irin nawa ne. In na kira wayar Gwaggo aka ba ki, za ki ce lafiya lau ko da ba lafiya, don tana kusa tana ji. To in akwai ciwo, ko yunwa, ko wani yana takura miki, kada ki nemi dogon bayani. Ki ce mini gawayi kawai. Za ni gane, kuma wannan karon ba za ni riƙe shi ba.

Ki gaida Gwaggo da kyau, ki ce Baba yana gaishe ta, Hajiya Kulu ma haka. Ki riƙe sallah a kan lokaci, ki riƙe karatunki, ki wuce inda na tsaya. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya makantar da idon mugu daga motar da kike ciki, ya haɗa ki da masu faɗa miki gaskiya da wuri. Allah ya jiƙan Inna, ya ba Dada lafiya a inda take, ya sa wata rana ta yafe mini. Amin.

Ɗazu da la'asar, Baba yana masallaci, na ɗauki jakarki na kai tasha. Na miƙa wa Malam Sale. Ya dube ni, ya dubi jakar, ya sa ta ƙarƙashin kujerar da ke bayansa. Gobe da safe Baba zai nemi jaka a farar bas ya rasa. Zai tambayi wanda ya kai ta motar Malam Sale da dalili, a gaban Hajiya da kamasho da kowa. Ke da kike karantawa kin riga kin ga yadda aka ƙare, ni ban gani ba tukuna. Ban san ko muryata za ta fita ba. Amma jakar tana can, kuma ba za ni je in ɗauko ta ba.

Yayarki,
Rabi